Kwamfaresa: Yadda Za Ka Zaɓe Ta, Ka Saita Ta, Muryar Waƙarka Ta Fito Tas

Akwai wata tambaya da matasan da suka fara shiga harkar waƙa suke yawan yi mini: me ya sa idan ka saka waƙar Nura M. Inuwa ko ta Umar M. Shareef ko ta Hamisu Breaker, ko da a ƙaramar waya ce, kana jin kowace kalma daram, amma tawa da na biya kuɗi na yi a situdiyo, wani wurin muryar ta nutse cikin kiɗa, wani wurin kuma ta taso kamar za ta fasa sifika? Wasu sukan ɗora laifin a kan makirfo, wasu su ce ai kwamfutar ce ba ta da ƙarfi. Sau da yawa matsalar tana wurin abu ɗaya, wato kwamfaresa. Ko dai ba a saka ta ba, ko kuma an saka ta an murɗa ta yadda aka ga dama.

Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, domin waƙar Hausa baiti ce. Mai sauraro zai iya haƙuri da kiɗa mai rauni, amma idan bai ji abin da kake faɗa ba, zai danna ta gaba ne kawai. Ka kwana kana rubutu, ka tara kuɗin seshin, sannan rabin kalmominka su ɓace a hanya, ai an yi asara. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu warware wannan abu dalla-dalla.

Mece ce ita kwamfaresar?

Da farko dai ba irin ta firij ko ta mai faci ba ce, suna ne kawai ya zo ɗaya. A harkar sauti, kwamfaresa na'ura ce, ko manhaja a cikin kwamfuta, da take rage ƙarar murya da kanta a duk lokacin da muryar ta wuce wata iyaka da ka sanya mata. Ka ɗauka akwai wani yaro da ka zaunar a gaban rediyo, hannunsa a kan maɓallin ƙara. Da mawaƙi ya ɗaga murya sai ya rage, da ya sassauta sai ya mayar. Aikinta ke nan, sai dai ita tana yin sa ne cikin ƙiftawar ido.

Ana auna ƙarar sauti da desibel, wanda ake rubutawa dB. A cikin kwamfuta, 0 dB shi ne rufin ɗaki, duk abin da ya wuce shi zai fashe ya yi ƙarar tsagewa. Saboda haka lambobin da za ka riƙa gani duk na ƙasa da sifili ne: -6, -12, -20. Gwargwadon nisan lamba daga sifili, gwargwadon sanyin sautin.

Muryar ɗan Adam ba ta tsayawa wuri ɗaya. A baiti guda mawaƙi zai iya farawa kamar mai raɗa, ya ƙare da ɗaga murya iya ƙarfinsa. Shi kuma kiɗan fiyano da ganga da aka haɗa a kwamfuta kusan a miƙe yake, ba ya hawa da sauka sosai. Idan ka saita murya don wurin raɗa ya fito, wurin ɗagawa zai cika kunne. Idan ka saita don wurin ɗagawa ya zauna, raɗar ta nutse. Kwamfaresa ce take rage wannan tazara.

Maɓallan da dole ka sani

Tireshol: ita ce iyakar. Duk sautin da yake ƙasa da ita, kwamfaresa ba ruwanta da shi. Wanda ya haura ta shi ake kamawa.

Reshiyo: shi ne ƙarfin kamun. Idan ka ga 4:1, ma'anarsa a duk dB 4 da suka haura iyaka, 1 kawai za a bari ya wuce. Bari mu yi lissafi. Ka sa tireshol a -20, reshiyo 4:1. Mawaƙi ya ɗaga murya ta kai -8, wato ta haura iyaka da dB 12. Raba 12 gida 4, ka samu 3. Ke nan muryar za ta fito a -17, an zaftare mata dB 9. Da a ce reshiyo 2:1 ka saka, da za ta fito a -14, an rage 6 kawai. Yanzu ka ce akwai wata kalma mai sanyi a -24. Ita ba a taɓa ta ba. Da can tazarar da ke tsakaninta da mai ƙarfin dB 16 ce, yanzu ta koma 7. Kana iya jin su biyun ba tare da ka taɓa komai ba.

Atak: saurin da kwamfaresa take yi wajen kai kamu. Ana auna shi da milisakan, kuma milisakan 1,000 ne sakan ɗaya. Atak mai sauri yana danne farkon kalma, mai jinkiri yana barin kan kalmar ya wuce sannan ya kama jikinta.

Rilis: saurin sakin murya bayan ta koma ƙasa da iyaka. Idan ya yi sauri da yawa za ka ji sautin yana kumbura yana sacewa kamar numfashi. Idan ya yi jinkiri da yawa, kwamfaresa za ta ci gaba da danne kalmar da ke biye alhali ita ba ta yi laifin komai ba.

Gen na fita, wanda wasu suke kira mekof: tunda an rage ƙarar wuraren da suka yi yawa, muryar gaba ɗaya ta yi ƙasa, sai ka ɗaga ta da wannan. A misalinmu, idan ka ƙara dB 6, kalma mai sanyi ta koma -18, mai ƙarfi ta koma -11.

Wasu kwamfaresocin suna da wani maɓalli na gwiwa, mai taushi ko mai tauri. Mai taushi yana fara kamu a hankali tun kafin a kai iyaka, kuma shi ya fi dacewa da waƙar soyayya. Mai tauri yana jira sai an haura sannan ya cafke.

Sai mitar da aka rubuta wa GR. Ita ce take nuna maka dB nawa ake ragewa a kowane lokaci. Ni dai a wurina, bayan kunne, ita ce abin dubawa na farko, ta fi lambar tireshol muhimmanci, domin -20 a muryar wani ba daidai take da -20 a muryar wani ba.

Kafin ka taɓa kwamfaresa

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kwamfaresa ba ta gyara ɗauka mara kyau, ƙara tona mata asiri take yi. Ka tuna lissafin can: da muka ƙara dB 6, ba murya kaɗai muka ɗaga ba. Idan akwai ƙarar fanka ko gurnanin janareta ko hon ɗin a-daidaita-sahu da ya shiga a -50, shi ma ya hau zuwa -44. Wannan ne ya sa wasu waƙoƙin kake jin "shhhh" a duk inda mawaƙi ya ja numfashi. Don haka a kashe fanka lokacin ɗauka ko da za a sha zufa na minti uku, a rufe ƙofa, a nisanta janareta, kuma kar a kafa makirfo a tsakiyar ɗakin da babu labule babu katifa, domin amon ɗakin ma kwamfaresa za ta fito da shi.

Na biyu, tazara. Ka tsaya kamar taƙi ɗaya daga makirfo, wajen santimita 15 zuwa 20, da ragar tare iska a tsakaninku. Ka'idar sauti ita ce, duk lokacin da ka ninka nisanka daga makirfo, ƙara tana raguwa da kusan dB 6. Wato mawaƙin da yake rawa yana gaba yana baya tsakanin santimita 10 da 20, shi da kansa yake haifar da hawa da saukar dB 6. Amma wanda ya iya zai yi amfani da wannan: ya ɗan ja baya idan zai ɗaga murya, ya matso idan zai sassauta. Wannan ita ce kwamfaresa ta farko, kuma kyauta ce.

Na uku, ƙarfin shiga. Ka ɗauka a 24-bit, ka saita gen na sawun-kad yadda wuri mafi ƙarfi a waƙar ba zai wuce -10 zuwa -6 ba. Kar ka ce sai mita ta taɓa ja sannan murya za ta yi ƙarfi. Muryar da ta fashe a wurin ɗauka ta fashe ke nan, babu manhajar da za ta dawo maka da ita yadda take.

Sai tambayar da ake yawan yi: a saka kwamfaresa lokacin ɗauka ko sai an gama? Manyan situdiyo masu na'urorin ƙarfe sukan ɗan matsa murya tun tana shiga, dB 2 ko 3. Amma abin da aka ɗauka da matsi ba ya warwaruwa. Shawarata ga mai farawa, ka ɗauki murya tsurarta. Idan mawaƙi yana son jin kansa da kauri a hedfon, ka saka kwamfaresa a layin sauraro kawai, ba a kan abin da ake adanawa ba. In ya so a wurin miksin ka gwada sau goma ka sauya sau goma, babu abin da ya lalace.

Wacce za ka zaɓa?

Yawancin fulogin da kake gani kwaikwayon wasu tsofaffin na'urori ne, kuma sanin halin kowacce zai rage maka ɓata lokaci.

Akwai 1176, wadda Bill Putnam ya fito da ita a Amurka a 1967. Tana aiki da wani taransisto da ake kira FET, kuma sauri ne halinta. Atak ɗinta daga maikirosakan 20 ne zuwa 800, wato ko mafi jinkirinsa bai kai milisakan ɗaya ba. Rilis daga milisakan 50 zuwa sakan 1.1. Reshiyo huɗu gare ta: 4, 8, 12 da 20. Ba ta da maɓallin tireshol, gwargwadon yadda ka ƙara shiga gwargwadon yadda take matsawa. Ga wani tarko da ya kamata ka sani: maɓallan atak da rilis ɗinta a juye suke, 7 shi ne mafi sauri, 1 mafi jinkiri. Tana sa murya ta matso gaba ta yi kaifi, don haka ta dace da masu hip-hop da waƙoƙin biki masu zafi. CLA-76 na kamfanin Waves kwaikwayonta ne.

Akwai LA-2A ta kamfanin Teletronix, ita ma daga Amurka, ta shekarun 1960. Ita da haske take aiki: a cikinta akwai wani ɗan allo da yake ƙara haske idan sauti ya ƙaru, da wani abu mai jin hasken da yake rage ƙara. Maɓalli biyu ne manya a fuskarta, na dama na matsi, na hagu na ƙara. Atak ɗinta wajen milisakan 10 ne, kuma tana saki kashi biyu: rabi da sauri cikin kamar milisakan 60, sauran a hankali. Wannan ne ya sa kamunta yake da laushi, ba ka jin hannunta. Ga waƙar soyayya mai jan murya, ko muryar mace mai zaƙi, da wuya ka samu wadda ta fi ta sauƙin sha'ani. CLA-2A ita ce ta Waves. Tube-Tech CL 1B ta ƙasar Denmak ita ma 'yar wannan gida ce, sai dai ita tana ba ka damar saita atak da rilis da kanka.

Akwai dangin VCA, irin su dbx 160 ta shekarun 1970. Su tsabta da biyayya ne halinsu, abin da ka saita shi za su yi. Sai dangin kwalabe irin Fairchild 660 da 670 na shekarun 1950, waɗanda aka yi amfani da su a situdiyon Abbey Road da ke Landan a zamanin Beatles. Su kauri da ɗumi suke ƙarawa, kuma sun fi amfani wajen haɗe muryoyi da yawa su zama abu ɗaya.

To idan ba ka da ko ɗaya fa? Kar ka damu. Wadda ta zo da manhajarka ta isa ta fitar da waƙa mai kyau. A FL Studio akwai Fruity Compressor, akwai kuma Fruity Limiter, wanda idan ka danna COMP yake zama kwamfaresa har ya zana maka abin da yake yi. Cubase yana da tasa, Reaper yana da ReaComp. A cikin na kyauta akwai DC1A da MJUC jr. na Klanghelm, da TDR Kotelnikov. Ba sai ka cika kwamfutarka da fulogin ɗin sata masu kashe maka aiki ana tsakiyar seshin ba. Ni a ganina, wanda ya san kwamfaresa ɗaya ciki da waje ya fi wanda yake da ashirin yana ta canza firiset.

Idan kana son a taƙaice: mai koyo ya fara da ta cikin manhajarsa mai dukkan maɓallai, don kunnensa ya san aikin kowanne. Waƙa mai sanyi, dangin LA-2A. Waƙa mai zafi ko rap, dangin 1176. Idan sauri kake yi, Renaissance Vox na Waves maɓalli uku ne kacal, ka ja na tsakiya har murya ta zauna.

Saiti mataki-mataki

1. Ka fara gyara da hannu. Ka duba zanen muryar, duk kalmar da ta yi tsini fiye da kima ka yanke ta ka rage mata dB 3 ko 4, wadda ta yi sanyi sosai ka ɗaga ta. Ka goge hayaniyar da ke tsakanin baitoci. Minti goma a nan yana rage wa kwamfaresa rabin wahala.

2. Ka yanke gurnanin ƙasa da ikiyu kafin kwamfaresa, daga wajen 80 zuwa 100 Hz zuwa ƙasa. Wutar lantarkinmu a 50 Hz take, kuma gurnaninta da bugun iskar "b" da "f" a makirfo suna sa kwamfaresa ta yi kamu a banza.

3. Ka kunna kiɗa tare da murya. Kar ka saita murya ita kaɗai, ba haka mutane za su ji ta ba. Ka zaɓi wurin da ya fi ƙarfi a waƙar ka sa ya riƙa maimaitawa.

4. Ka sa reshiyo 3:1 ko 4:1, atak milisakan 10, rilis milisakan 80 zuwa 100. Mafari ne kawai.

5. Ka ja tireshol ƙasa da gangan har GR ya nuna wajen dB 10. Ba a nan za ka bar shi ba, so ake kunnenka ya ji aikin atak da rilis ƙarara.

6. Ka murɗa atak daga mafi sauri zuwa jinkiri. A mafi sauri za ka ji murya ta ja baya, kalmomi sun dakushe. Kana ƙarawa za ka ji sun fara fitowa. Idan ka wuce, farkon kalmomi za su fara tsalle suna dukan kunne. Ka tsaya a tsakani, yawanci tsakanin milisakan 5 da 30.

7. Ka saita rilis kana kallon GR. So ake allurar ta koma kusa da sifili kafin layi na gaba ya shigo, ta riƙa motsi tare da kiɗa. Ga dabarar lissafi: raba 60,000 da saurin kiɗan. Kiɗa mai bugu 100 a minti, kowane bugu milisakan 600 ne, rubu'insa 150. Mai bugu 120 kuma 500 ne, rubu'insa 125. Ka fara daga nan, kunne ya ƙarasa. Mai rap da kalmominsa suke bin juna a guje yana buƙatar ƙasa da haka, kamar 40 zuwa 60.

8. Yanzu ka mayar da tireshol sama har GR ya koma dB 3 zuwa 6 a wuraren ƙarfi, ya kuma riƙa komawa sifili a wuraren sanyi.

9. Ka ɗaga gen na fita daidai da abin da aka rage, sannan ka riƙa kashe kwamfaresar kana kunnawa. Dole ƙarar ta zama ɗaya a duka biyun. Kunnen ɗan Adam yana da son zuciya, duk abin da ya fi ƙara sai ya ce ya fi daɗi. Sai ƙara ta daidaita ne za ka san ko gyara ka yi ko ɓarna.

Abin da harshenmu yake buƙata

Yawancin firiset ɗin da suke zuwa da fulogin ba da muryar Bahaushe aka gwada su ba. Hausa tana da haruffa masu fita da bugu: ƙ da ts suna fita da wani ɗan tsartuwa mai kaifi, ɓ da ɗ kuma da nasu nauyin. Bambancin "ƙafa" da "kafa", ko "ɓata" da "bata", ko "ɗaki" da "daki", yana cikin ɗan ƙanƙanin lokacin nan na farkon harafi. Atak mai tsananin sauri tare da matsi mai yawa yana iya daddanne wannan wuri har kalmomin su fara kama da juna a ƙaramar sifika. Don haka idan kana saita atak, ka nemi layin da yake da irin waɗannan haruffa ka yi gwajin a kansa.

Haka kuma mawaƙanmu suna son jan wasali a ƙarshen layi. Idan rilis ya yi gajere, wannan jan zai riƙa rawa yana kumbura. Idan ka ji haka, ka ƙara rilis ko ka koma dangin LA-2A.

Sai s da sh da ts da z. Kwamfaresa tana danne wasula masu ƙarfi, sai waɗannan haruffa su taso su yi ta yanka kunne, balle in an ƙara haske da ikiyu. Maganinsu diyesa, wadda ita ma wata 'yar kwamfaresa ce da take kama wurin kaifin kawai, yawanci tsakanin 5 da 8 kHz. Ka sa ta da sauƙi. Idan ta yi yawa, mawaƙi zai koma kamar mai tsamin baki.

Kwamfaresa biyu sun fi ɗaya mai nauyi

Idan murya tana buƙatar a rage mata dB 8 ko 10, kar ka ɗora wa guda ɗaya. Tsohuwar dabarar injiniyoyi ita ce a jera biyu. Ta farko mai sauri irin 1176, reshiyo 4:1 ko 8:1, ta kama tsinin kalmomi kawai, dB 3 zuwa 4. Ta biyu mai laushi irin LA-2A ta bi baya ta daidaita jikin muryar da dB 2 zuwa 3. Jimilla an rage 5 zuwa 7 amma kunne bai ji an shaƙe kowa ba. Da Fruity Limiter biyu ma za ka iya yin haka, ɗaya da atak da rilis masu sauri, ɗaya masu jinkiri.

Wata dabarar kuma, ka aika kwafin muryar wani layi daban, ka matse shi sosai, dB 10 ko fiye, sannan ka ɗan shigo da shi a ƙarƙashin ta asali har ka ji kauri ya ƙaru. Ta asali tana nan da ranta, kwafin yana cike mata gurbi.

Game da amshi da muryoyin rakiya, ka tara su a layi ɗaya ka matsa su tare, fiye da yadda ka matsa babbar murya, da atak mai ɗan sauri. Hakan yana sa su zauna a baya su bar wa jagora gaba. Idan kuma waƙar ta namiji da mace ce irin ta fim, kowa a ba shi kwamfaresarsa da tireshol ɗinsa. Kar ka kwafe saitin namiji ka manna wa mace, ƙarfinsu da kaifinsu ba ɗaya ba ne. Bayan nan ka daidaita su yadda idan ta karɓa ba za a ji waƙar ta faɗa rami ko ta yi tsalle ba.

Jerin da nake bi shi ne: Auto-Tune a farko, domin ya fi gane murya tun tana tsurarta, sai ikiyu na yanke datti, sai kwamfaresa, sai diyesa, sai ikiyu na ƙara haske in da buƙata. Ribab da eko kuma a layinsu daban ake aika musu. Idan ka sa ribab kafin kwamfaresa, za ta ɗago jelarsa ta cika waƙar da hazo.

Masu haɗa sautin fim ma abin ya shafe ku. Maganar 'yan wasa tana son reshiyo mai sauƙi, 2:1 ko 3:1, da ragin dB 2 zuwa 4. Sautin lokeshin yana zuwa da kukan kaji da babura da iska, matsi mai yawa zai jawo su gaba su yi gogayya da jarumi. Kuma idan fitowar kuka ce ko ta faɗa, hawa da saukar muryar ita ce wasan, kar ka goge ta.

Yadda za ka gane ka wuce gona da iri

Numfashin mawaƙi ya kai ƙarar kalmominsa. Ana jin motsin leɓe da haɗiyar yawu. Amshi ya zo amma bai fi baiti tashi ba, duk waƙar ta zama shimfiɗa ɗaya. Allurar GR ba ta komawa sifili ko kaɗan. Ko kuma ka saurari waƙar sau biyu ka ji kunnenka ya gaji. Duk wanda ka gani a cikin waɗannan, ka ɗaga tireshol ko ka rage reshiyo. Gishiri ne, miya ba ta daɗi babu shi, amma in ya yi yawa ba mai sha.

Kuma kar neman ƙara ya ruɗe ka. Spotify yana daidaita waƙoƙi a wajen -14 LUFS, YouTube ma yana rage wa waɗanda suka cika ƙara. Idan ka matse waƙarka har ta mutu don ta fi ta kowa tashi, za su sauke ta daidai da sauran, ka tashi ba ƙarar ba ran. Masu FL Studio kuma ku duba layin masta, sau da yawa akwai Fruity Limiter a zaune a can tun buɗe aiki, yana matse komai ba ku sani ba.

Gwajin ƙarshe ba a manyan sifikun situdiyo ake yin sa ba. Ka fitar da waƙar ka saka a waya, ka rage ƙara sosai, ka ajiye ta nesa kaɗan. Ka ji ta a iyafis mai araha, ka ji ta a 'yar sifikar Bluetooth, in da hali ka ji ta a mota. Sannan ka samu wanda bai taɓa jin baitocin ba, ka ce ya maimaita maka abin da aka faɗa. Duk layin da ya ce "me ya ce a nan?", ka koma ka ɗaga wannan wurin da hannu, kar ka ƙara wa duk waƙar matsi saboda kalma biyu.

Kai kuma mawaƙin da ba kai ne kake zama a gaban kwamfuta ba, abu biyu nake so ka riƙe. Ka roƙi mai situdiyo cikin girmamawa ya adana maka muryarka tsurarta, wadda ba a saka mata komai ba, a fayil na WAV, domin ko gobe ka samu wanda ya fi iya miksin ba sai ka sake biyan kuɗin ɗauka ba. Sannan kafin ka karɓi aiki, ka saurare shi a wayarka a nan cikin situdiyon. Idan wani baiti ya nutse, ka nuna masa daidai wurin, ka ce "Oga, a ɗan taimaka a duba nan." Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba, gyaran minti biyar ne.

A karo na gaba za mu taɓa ikiyu, musamman yadda ake raba wa murya da fiyano wuri don kar su riƙa danne juna. Kafin nan, ka buɗe tsohon aikinka guda ɗaya, ka cire duk abin da ke kan muryar, ka bi matakan nan tara daga farko. Sai mun haɗu.